Gilashi Mai Gulma

Salamu alaikum, masu sunkuyar da wuya a kan waya. Gambo ce, kakar Zuliha, daga nan cikin Birnin Damagaram. Ni ban taɓa shiga lakol ba, makarantar boko ke nan, ko don fake wa ruwa. Da baki nake zubawa a mai da shi baƙi, in kun ga kuskure ba nawa ba ne.

Yau laifina zan faɗa, gara ku ji daga bakina. Rashid ɗin nan da ke neman jikata, ba ubanta ya kawo shi ba, ba uwarta ba. Ni na tura ta gare shi, da hannu biyu.

Zuliha shekararta ashirin da bakwai. Ta gama karatunta, aikin gwamnati bai samu ba, sai ta kama buga wa mutane takardu da ordinatar, injin nan kwamfuta, a cikin gida. Ƙawayenta duk suna goye da na biyu. Kullum ta zo gaishe ni da safe sai in ce, "To madam, an tashi lafiya? Ya angon naki, an sa masa caji?" Sai ta yi dariya. Amma na san maganar tana shiga. Ai don ta shiga nake yi.

Ana nan sai ga Rashid. Dogo, wankan tarwaɗa, shadda ruwan madara ta sha bugu, hula ta zauna kamar a kansa aka ɗinka ta. Ya shigo ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya ajiye mini farin goro da lafaya mai ruwan ƙasa, ya ce, "Kaka, ni fa ke na zo nema. Zuliha rakiya ce."

Na ce, "Ka makara ɗan nan, haƙoran sun ƙare."

Ya ce, "Ai fura zan riƙa kawowa."

Shi ke nan, ya gama da ni. Tsohuwa ba ta da tsada, jama'a. Ya ce a Agadas yake aiki, a wani proje, wata-wata yake leƙo gida, danginsa mutanen Takeita ne. Ɗana Yakuba, uban yarinya, ya ce bari a aika a bincika. Na ce binciken me, mutumin kirki a fuska ake gane shi. Yakuba bai taɓa tsallake maganata ba. Bai aika ba.

Injin da Zuliha ke aiki da shi tun farko wani baƙi ne, mai nauyi kamar dutsen niƙa, gefensa ɗaya a ɗaure da ja'n leda mai danƙo. Ba shi da kyau ko kaɗan. Gilashinsa dishi-dishi ne, kamar bayan ƙwaryar da ta sha hannu, ko fitila ka haska masa ba ya mayar maka da ita. Kun san bazarar garin nan. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi, ɗaki ya koma tanda, dole ta fito tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Nan take zama da baƙin injinta, rana na dukan ƙasa, ita tana ta ƙwas-ƙwas-ƙwas ba abin da ya dame ta.

Ranar da Rashid ya gan shi ya kama baki. "Haba! Matata da wannan gawa?"

Zuwansa na gaba sai ga sabo a kwali. Siriri kamar faifai, fari kamar tasar silba. Da aka buɗe shi gilashin sai sheƙi yake, ka ce ruwan randa ne da ya kwana. Ya sa mana hoton tumatir a ciki, wallahi saura kaɗan in ce a miƙo gishiri. Uwarta Ramatu ta tafa hannu. Ni na rangaɗa guɗa. Da zai tafi ya sa tsohon a hammata, ya ce zai kai a duba shi. Har yau ana dubawa.

Washegari kuran ya tafi, Zuliha ta fito rumfa da amaryar inji. Ta buɗe. Ta ga fuskarta. Ta ga igiyar shanya, ta ga sama, ta ga akuyarmu tana tuƙa. Rubutu ne kawai ba ta gani ba. Ta juya gabas, ta juya yamma, ta kanne ido, ta ƙara masa haske har ya cinye cajinsa kafin azahar. Daga baya ta ɗauko zane ta lulluɓe kanta da shi duka, ita da injin, kamar mai turaren tsuguno.

Na ce, "Amarya, tun yanzu aka fara gyaran jiki?"

Daga cikin zane ta ce, "Kaka, don Allah ki bar ni. Kaina kamar zai tsage."

Kwana uku idonta ya yi ja. Ta aika masa ya dawo mata da tsohon. Ya ce, "Sabo za ki yi, gimbiya. Kaya mai kyau sai da haƙuri."

Daga nan hotuna suka fara. Wayarta ta yi ƙara, ta karanta mana da murmushi: "Ya aiki? Ɗauko mini hoton ekran in ga inda kika kai." Ekran shi ne gilashin, a bakinsu na ƴan lakol. Sai ta ɗaga waya ta ɗauki gilashin injin ta tura. Da hantsi sau ɗaya, da azahar sau ɗaya, da la'asar kuma. In ta yi jinkiri sai wani saƙon ya biyo: "Ina jira."

Ramatu ta ce, "Kin ga miji. Wani ko sunan aikinki ba zai tambaya ba."

Sai ya fara sanin abubuwa. Da fari ƙanana. Ya rubuto, "A gai da mai shanya jan zane." Muka yi dariya, muka ce dace ya yi, wane gida ne babu jan zane. Ran nan Zuliha ta ɗauki injin ta je gidan ƙawarta, su suna da kuran. Kafin ta dawo saƙo ya riga ta: "Ina kika je da hantsi ba ki gaya mini ba?" Ta ce wa ya faɗa maka? Ya ce, "Zuciyata." Wannan karon ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

Sai maganar Mushe Yusufu, mu nan malamin lakol Mushe muke ce masa. Tsohon daraktan lakol ne, ya ajiye aiki, furfura har a gira. Tarihin kakanninsa yake rubutawa, Zuliha ke buga masa. Ran Litinin ya yi sallama ya shigo da shuɗiyar rigarsa, ya tsaya bayanta ya sunkuya yana nuna mata sunan wani kakansa da ta buga ba daidai ba. Daidai nan waya ta yi ƙara, ta ɗauki hoton ta tura, ko kallo ba ta yi ba. Mushe bai kai bakin zaure ba amsa ta iso.

"Wane ne mai shuɗiyar riga da ya sunkuyo a kafaɗarki?"

Ramatu ta dafe ƙirji ta ce, "Yaron nan ba haka aka bar shi ba. Malamansa suna da ƙarfi." Yakuba yana kan buzunsa yana yankan fata, don baduku ne, bai ma ɗago ba ya ce, "Namijin da ba ya kishi ba ya so. Ku bar surutu. Juma'a kawunnansa za su kawo goron sa rana."

Ran Laraba matar Mushe ta zo karɓar takardunsa. Ba a gama bugawa ba, ta ce a ba ta haka nan. Aka shimfiɗa mata tabarma ba ta zauna ba, aka kawo ruwa ba ta sha ba. Da za ta fita ta ce, "Malam ya ce in ya yi wani abu ba daidai ba a gidan nan, a yafe masa." Na bi ta har zaure na riƙe mayafinta. Da ƙyar ta ce wani ne a kan moto, wato babur, fuska a naɗe, ya tare Mushe da rana tsaka yana dawowa daga masallaci. Abin da ya ce masa Mushe ya ƙi faɗa. Tun ranar a gida yake salla.

Ruwa ba ya tsami banza.

Ran Alhamis da safe Zuliha ta shigo ɗakina. Ba kwalli, ba hoda, ɗankwali a karkace, rigar jiya ce a jikinta. Ta zauna bakin gadona tana murza yatsa.

Na ce, "In rasuwa ce faɗi, in ciki ne ma faɗi, na ji wanda ya fi."

"Kaka, tsoro nake ji."

"Na wa?"

"Kin sani." Ta rage murya. "Ko aljani gare shi? Jiya ko wanka na shiga sai da na toshe kafar ƙofa da tsumma."

Nan tausayinta ya kama ni. Yarinyar da na goya. Amma ban nuna ba. Na ce, "Na ga masu aljanu da yawa a garin nan, tun ana bori a fili. Ban taɓa ganin aljanin da sai an tura masa hoto ba. Nuna mini abin da kike tura masa."

"Ba komai a ciki sai rubutu."

"Ke ce ke ganin rubutu. Miƙo."

Ta buɗe hoton ran Litinin ta miƙo. To kun ga, ku masu karatu, da kun ga baƙi sai idonku ya maƙale a kansa kamar ƙuda a kan zuma. Ni kuwa baƙi da tururuwa duk ɗaya ne a wurina, idona ya wuce su. Na kai wayar bakin taga, na karkata ta. Ga hannuwa biyu riƙe da waya. Ga ɗankwalin Zuliha. Ga shi nan a bayanta, a sama kaɗan, shuɗiyar riga da farin gemu.

Na ce, "Ga aljaninki. Buɗa shi da yatsa yadda kuke yi."

Ta buɗa. Ta yi kamar an zuba mata ruwan sanyi. Ta koma baya, hoto bayan hoto. Ga jan zane a kan igiya. Ga tagar gidan ƙawarta mai ƙarafuna. Ga Ramatu tana tankaɗe. Har ni ga ni nan a wani, ina gyangyaɗi a kan kujera baki a buɗe, abin da ban yafe ba har gobe. Wata biyu cur yarinya tana ɗaukar gidan ubanta da hannunta tana aika wa mutum, sau uku a yini, tana jin daɗi ana kula da ita.

Ta ce, "Amma shi ma yana turo mini nasa. In na ce ina yake sai ya ɗauki ekran ɗinsa ya ce ga ni a buro, wurin aiki."

"Mu gani."

Na karkata, na juya, na kai rana na dawo inuwa. Ba taga, ba bango, ba ko inuwar hannunsa. Gilashin ya haɗiye komai. Sai a can ƙasan hoton na hango ɗan abu ja. Na sa farce a kai. Zuliha ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ledata ce. Injina ne, Kaka. Tsohon."

Na ce, "Ɗauko mayafi."

Muka hau adaidaita zuwa Kasuwar Dole, wurin Habu mai gyaran inji, wani mai tumbi da tabarau a kan hanci. Ya buɗe na Zuliha ya ga fuskarsa, ya gyara hularsa a ciki tukuna.

Ya ce, "Hajiya, iri biyu ne. Wannan mai sheƙin, in kana ɗaki a rufe kana kallon fim, ba kamarsa, launi sai ka ce ka taɓa. Amma da haske ya faɗa masa ya zama madubi. Ɗayan kuwa an ɗan goge fuskarsa, haske in ya zo sai ya watse, ba ya dawowa. Launinsa ba ya tashi sosai, kamar atamfar da ta ga wanki biyu, amma ido yana hutawa. Mai aiki a rumfa, shi ne nasa."

Na ce, "Wanda ya saya wa mai aiki a rumfa wannan fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ko dai bai san inji ba, ko kuma ya san shi sosai."

"Ana iya rufe masa baki?"

Ya yi dariya har tumbi na rawa. Ya ɗauko wata leda mai kauri, dishi-dishi, ya auna ya yanka, ya shimfiɗa ta a kan gilashin yana korar iska da kati a hankali. Da ya gama ya juyo mini da shi. Na leƙa. Ban ga Gambo ba. Rabon da in ji daɗin rashin ganin fuskata haka, na manta.

Mun dawo ana kiran azahar. Muka yi salla, Zuliha ta fito rumfa ta buɗe inji, ni na shimfiɗa tabarmata can gefe, wajen randa, nesa da bayanta. Ta ce, "Kaka, ina ganin rubutu! Ko kanne ido ban yi ba." Har ta fara ƙwas-ƙwas ɗinta na da. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Ina kika kai?"

Ta dube ni. Na ce, "Tura masa."

Ta ɗauka, ta kawo mini na duba. Tururuwa ce zalla, ba kowa a bayanta. Ta koma ta zauna ta tura.

"Ya gani," in ji ta. "Yana rubutu." Shiru. "Ya daina." Shiru. Kurciya na ta kuka a kan katanga. "Ya kuma farawa."

Sai ƙara. Ta karanta. "Leda ta yi kyau. Habu ya iya aiki."

Na ce a raina, to, kasuwa ce, mai ido da baki ba ya ƙarewa a kasuwa. Sai wata ƙarar. Wannan karon ba ta karanta ba, bakinta ne kawai ke motsi.

"Karanta mini, ƴar nan."

"Ya ce... ki ce wa Kaka ta ja tabarmarta cikin inuwa. Rana ta kai ƙafarta."

Na dubi ƙafata. Rana ta ci yatsuna uku.

Ba na cikin hoton nan, jama'a. Ni na duba shi da idona. Kuma tsakanin Agadas da Damagaram mota yini take yi.

Na ce, "Kada ki ɗaga kai. Yi murmushi, kamar ya faɗi abin daɗi. Yawwa. Yanzu kashe hasken wayar nan ki kawo mini, kamar hoto za ki nuna mini."

Ta kawo. Na ɗora baƙin gilashin a cinyata, na sunkuya kamar mai duba kwalli, na riƙa karkata shi kaɗan-kaɗan. Ga sama. Ga kan katangarmu. Ga benen da ke bayan gidanmu, wanda wani alhaji ya fara ya bari ba rufi shekara uku, har mun daina ganinsa. A tagar sama an rataya buhu. Da can babu buhu. Ina kallo gefen buhun ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu, ya tsaya, ya koma. Ko ganye ba ya motsi a garin ranar.

Kafin in buɗe baki sai ga Yakuba ya faɗo gida, fuska kamar gonar auduga. "Inna, albishirinki! Kawun Rashid ya kira ni yanzun nan. Sun ce ba sai gobe ba, yau bayan la'asar za su kawo goro."

Na ce, "Zo ɗaki."

Na rufe ƙofa na zayyana masa komai, gilashi, Mushe, buhu. Ya leƙa ta kafar taga ya daɗe. Buhu na nan a rataye shiru kamar Allah ne ya dasa shi.

"Mai gadi ne ya sa don rana, Inna."

"Mai gadi ne ya san rana ta kai ƙafata?"

Ya share zufa da hularsa. "Na ce a bincika kika hana. Kika ce shi ne. Na ba da baki gaban liman, gaban ƴan'uwana dukawa, saboda ke. Yanzu mutane suna kan hanya in ce musu me? In ce uwata ta ga buhu?"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiya daga bakin ɗan da ka haifa ta fi barkono. Ya fita aron tabarmi.

Na kira Zuliha na sa ta a ɗakina, na ce ta sa sakata, kada ta buɗe ko muryar ubanta ta ji sai tawa. Ta riƙe zanena ta ce, "Kaka, in aka karɓi goron nan fa?"

Na ce, "Sai ya shigo gida tukuna ake karɓa."

Na yi la'asar. Na ɗaura tsohon zanena na saƙi, wanda nake zuwa gaisuwar mutuwa da shi. Na ja tabarmata har cikin zaure, na shimfiɗa ta a gicciye a bakin ƙofa, na zauna na miƙe ƙafafuna daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan. Duk Damagaram ba a haifi namijin da zai tsallake ƙafar tsohuwa da goro a hannu ba. Abin da na dogara da shi ke nan. Ba ni da wani.

Mota ta tsaya. Ƙofofi suka buɗe. Dattawa uku da manyan riguna, na gaba riƙe da ƙwarya an rufe ta da farin ƙyalle. Suka yi sallama.

Na ce, "Wa alaikumus salam. Ku tsaya nan."

Suka dubi juna. Sai na ga ashe ba uku ba ne. Kowa ya san saurayi ba ya zuwa wurin sa ranarsa, ko a ƙauye ba a yi. Amma ga na huɗu ya fito daga bayansu, shadda fara tas, sai gwiwoyin wandon ne kawai suka yi furu-furu da ƙurar siminti. Ya ratsa kawunnansa, ya zo ya durƙusa daidai tafin ƙafata, yana murmushin nan nasa.

Ya ce, "Kaka, kin kyauta da kika shigo inuwa." Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ɗan janye ƙafar mana."

Ban janye ba.